Kumfar da Muka Fesa wa Yara

Frankston, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Narelle,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Keith. Allah ya sa iskar Dunedin ba ta tayar miki da ciwon gwiwa ba. Mama da sauƙi, sai dai mantuwa. Jiya ma da sunan marigayi Baba ta kira ni.

Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Kin san duk shekara ni ke kai masu bincike a jirgin ruwa tsibirin da karnukan teku ke haihuwa. Bana jariran sun ragu ƙwarai, wasu kuma gashinsu ya zube, fata a waje. Shugabar masu binciken, Dakta Imogen, ta ce sun sami gubar kumfar kashe gobara a jininsu, a nonon uwa suke shan ta. Na tambaye ta shekara nawa gubar take yi kafin ta ruɓe. Ta ce in daina wahalar da biro, jikokina ma za su tarar da ita.

Da na dawo gida na ciro littattafan da nake rubuta al'amuran kullum, na zamanin da nake aikin kashe gobara. Duk Laraba abu ɗaya ne: atisaye, mun kora kumfa cikin kwata. Kwatar nan teku take zuwa. Amma ba wannan ya hana ni cin abinci ba. Kin tuna walimar Kirsimeti a tasharmu, da muke fesa wa yara kumfa don su ga dusar ƙanƙara, tunda a nan Kirsimeti a tsakiyar zafi take zuwa? Shekara huɗu a jere ni na riƙe tiyo. Na rubuta cewa 'yarki Tegan ta cika baki da ita tana ihun Kawu ƙara, ke kuma kina yi mini tsiya, wai in haka nake kashe wuta gara a kira mai shayi da butarsa.

Yanzu ga Tegan da cikin wata bakwai. Likitanmu ya ce wataƙila wasan yini ɗaya a shekara ba komai ba ne, kuma ko an gwada jininta an sami gubar, babu maganin da zai fitar da ita kafin haihuwa. Ƙila zuzutawa nake yi, kin san halina. Na kasa kiranta. Ke ce uwa, ke za ki yanke ko a faɗa mata. In kin zaɓi shiru zan yi shiru tare da ke, amma ban san da wane ido zan kalle ta ba ranar da za ta miƙo mini jaririn.

Ki gaishe da Keith da ɗanki Rhys, da Tegan da mijinta. Mama na gaishe ku duka.

Ƙaninki,
Darrin