Muryar Baba da Ke Cikin Faifan

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa a kan gishirin da likita ya hana ta.

Zan faɗa miki abin da na gani da idona, ba ƙari. Kwamfutar da kika bari a hannuna, mai ɗauke da hirarrakin da kika naɗa da marigayi Baba a shekararsa ta ƙarshe, ta fara nauyi. Da na nemi buɗe hirarrakin sai ta tsaya cak, sunayen fayilolin kuma suka rikiɗe zuwa alamomi marasa ma'ana. Na kai ta wurin mai gyaran da ke ƙasan benen ofishinmu. Ya kara kunnensa a jikinta, amma janaretan maƙwabcinsa bai bar shi ya ji komai ba.

Ya ce ɗayan biyu ne. Ko dai tsarin da ke nuna wa kwamfuta inda kowane fayil yake ne ya hargitse, wanda gyaransa ba wuya. Ko kuwa faifan ajiyar ne kansa ke mutuwa. Idan na biyun ne, gyaran tsarin zai gajiyar da faifan har ya ƙarasa shi, saboda haka kwafi ya kamata a fara yi. Gwajin da ya yi ya nuna faifan lafiya lau, amma ya gargaɗe ni cewa gwajin kan yi ƙarya. Kwafin yana buƙatar a nemo wani faifan a jira, Inna kuwa ta ƙagu ta ji muryar mijinta ranar da dangi za su taru. Na zaɓi gyaran. Shawarar tawa ce, ba tasa ba.

Aikin ya yi nisa sai aka kashe janaretan, shagon ya yi tsit. A nan muka ji wani ɗan sauti daga cikinta, ƙas, ƙas, yana maimaituwa. Mai gyaran ya kashe ta nan take. Daga baya ya lallaɓa ya kwafo hira uku kafin faifan ya ƙi amsawa. Da na shaida wa Inna, sai ta ce ashe na'urar ma ta ɗauko halin Baba, ba ya magana sai ya ga dama. Ta yi dariya, sannan ta shige ɗaki ta daɗe.

Yanzu faifan yana nannaɗe a aljihun teburina. Mai gyaran yana ganin mai yiwuwa ya sake tashi sau ɗaya, na ɗan lokaci, don haka dole a san abin da za a fara cirowa. Ke kika zauna da Baba, ke kika san ranar da ya yi maganar da ba za mu so ta ɓace ba. Ki rubuto mini wace ce. Ba zan taɓa shi ba sai na ji daga gare ki. Ki yafe mini gaggawar da na yi.

Ki gaishe da maigidanki da 'Yan Biyu da Auta. Inna da Goggo da Kawu suna gaishe ku.

Ƙaninki,
Shiru-shiru

Gyara: na ce an tsirar da hira uku. Na sake saurara, biyu ne. Ta ukun ba hira ba ce. Baba ne yake gyaran murya, yana tambayarki ko abin ya fara ɗauka, ke kuma kina dariya. Daga nan ta yanke.