Kwalbar Maigadi da Tuwon Maiɗakina

Zuwa ga Likita, mai asibitin kuɗi na kusa da kasuwarmu, Argungu, Jihar Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, dole in fara da yabo. Shekarata ashirin ina fataucin albasa tsakanin Augie da Sakkwato, amma ban taɓa ganin tsarin ciniki irin naku ba. Mu sai mun yi dako kafin mu sayar. Ku mutum ne ke kawo fitsarinsa da ƙafarsa, ya biya naira biyu a duba, ya kuma sayi kwalbar da zai zuba shi. Wallahi na sara muku.

Ga abin da ya same ni.

Na ɗaya. Maiɗakina na da cikin wata takwas. Tun yana wata biyar take zuwa awo wurinku, kuma kowane zuwa sai an yi gwajin fitsari. Ba ku ba da mazubi. Maigadinku ne ke da kwali cike da kwalabe a bakin ƙofa, sule biyu kowace. Wanda ya zo da tasa daga gida, sai a ce ba a yarda da tsabtarta ba. Mun bi doka, mun saya.

Na biyu. Zuwanta na biyu anka ce an ga suga a fitsarinta. Malamar awo ta hana ta tuwon shinkafa, ta hana fura, ta hana rake da dankali. Likita, nan ƙasar fadama ce. In ka cire shinkafa da gero daga akushin mutumin Argungu, me ya rage? Wata biyu ke nan tana rayuwa kan dafaffen wake da ganye. Macen da ke surfa kwano uku kafin hantsi, yanzu in ta miƙe daga tabarma sai ta dafa bango. Mahaifiyata ta daina yi mini magana sai da ido.

Na uku. Makon jiya na raka ta da kaina, ni na karɓi kwalbar daga hannun maigadi. Murfin ya manne mini a yatsa. Na sansana, na ji ƙamshin maganin tari, irin mai zaƙin nan da yara ke kuka a ƙara musu. Na leƙa kwalin, duk irinta ne, wata ma da sauran takardarta a jiki. Ni dai firamare na gama, ban yi karatun likita ba. Amma ko buhun da aka zuba gishiri ba na zuba wa albasa sai na kaɗe shi.

Na huɗu. Washegari na sa ta a mota munka tafi Birnin Kebbi, da ramukan hanya da komai, tana riƙe da ciki ina riƙe da ita. Can anka ba ta mazubi sabo a rufe, anka karɓi naira ɗaya da sule biyar. Takarda ta fito: babu suga. Na dawo da murna na nuna wa malamar awonku. Ko karɓa ba ta yi ba. Ta ce ku ba ku aiki da takardar wani wuri, in ina so a sake, in biya naira biyu, in je wurin maigadi.

Yanzu takarda biyu ke aljihuna. Ɗaya ta ce ta ci, ɗaya ta ce in ta ci za ta cutar da abin da ke cikinta. Ita kuma tsoro ya shige ta, na sa tuwo gabanta ta ture. Ta ce sai wanda ya hana ya ce ta ci. Haihuwa saura makonni, kuma ban san da wane ƙarfi za ta yi naƙuda ba.

Ba kuɗina nake nema a mayar ba. Roƙona shi ne ka sake gwajin nan da kanka cikin makon nan, da mazubin da kai za ka yarda ka ba iyalinka. In babu suga, ka faɗa mata da bakinka, don maganata ba ta kai taka ba a wurinta. In akwai, zan dawo wannan shafi na jarida in ba ka haƙuri gaban kowa. Sannan a ɗauke kwalin nan daga bakin ƙofa. Maigadi ba shi da laifi, abin da ya tsinta a bayan ɗakin magani yake sayarwa.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa hannunka ya zama sanadin waraka, ya sauki matanmu lafiya. Wassalam.

Naka,
Garba mai albasa, Argungu.

Af, Likita, matan nan da na bari kan bencinku, kowace riƙe da kwalbarta, su nawa ne za su kwana yau ba tuwo?