Maganin Hana Ƙwaro Haihuwa

Zuwa ga ƙanena Ilu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya iyali da zaman Fatakwal? Mu nan Gagarawa lafiya lau.

Bayan haka, wani malamin gona ya zo da maganin feshi. Wai a jikin ƙwaro akwai sinadarin da ke sa macen ta yi ƙwai, maganin yana rikita shi, sai tsutsa ta ƙare a gonar wake. Na ce, "Malam, abin da ya hana ƙwaro haihuwa, in ya shiga tukunya fa?" Ya yi dariya, wai jikin mutum daban ne. Kuma kyauta yake rabawa! Yaushe aka fara sonmu haka?

Ɗanka Sabo ya karɓa, zai fesa a gonarka. Na hana, ya ce na tsufa. Dama tun rabon gado ba a jin maganata. Amaryarsa ko ɓari ba ta yi ba tukuna, kuma waken nan za ta ci.

Ka kira shi ka tsawatar. Tsutsa ta ci rabonta, mu dai mu ga jika.

A sa mu a addu'a. Ka gaishe da Hajara da yara.

Yayanka,
Bawa