Hannun da Ya Riƙe Miki Salula

Zuwa ga Zulfa, inuwar gawo a tsakiyar bazara, ruwan farko mai tayar da ƙamshin ƙasar Tasawa, hasken da ya riske ni bayan na ɗauka fitilata ta gama ci.

Ina gaishe ki gaisuwar mai ganin girmanki, ko da yake alƙalamin nan ya yi mini nauyi fiye da allin da na riƙe tsawon rayuwata ina koyarwa a makarantar lakwal.

Kin tuna yammacin da muke zama gindin itacen bedin ƙofar gidana, ina shirya ki don ganawa da kamfanin nan na aika kuɗi ta wayar salula? Ni ne nake zama mai saye mai taurin kai, wani lokaci dillalin awaki na kasuwar Urafane, wani lokaci tsohuwar da ta fi yarda da bakin zanenta a kan kowane asusu. Ke kuwa kina lallashina, muryarki kamar ruwan randa a maƙogwaron mai azumi, har in manta wasa muke. Ni na koya miki ki ɗaga kai, ki amsa kai tsaye, kada su ga kina jinkiri. Ashe wuƙa nake wasawa!

Ranar ganawar kika zo zaurena, domin nan ne rezo, wato layin waya, ya fi ƙarfi. Kika ce in riƙe miki salular daidai fuskarki, hannuwanki su samu sakewa. Na riƙe. Yaron kamfanin da ke cikin gilashin salular, wanda bai kai ɗaliban da na yaye shekaru ba, ya tambaye ki ko za ki yarda a tura ki Agadas, ko kuwa akwai wanda ya ɗaure ki a nan. Kika ce babu kowa.

Idonki yana kan salular, Zulfa, salular kuma tana hannuna. Ina tsaye gabanki, tazarar kamu ɗaya, ni da muka yi magana cewa bayan kaka manyana za su je Kona wurin kawunki. Na ci gaba da riƙe ta daram, don kada hotonki ya girgiza a idon mutane. Abin da ya girgiza yana can inda ba a gani. Ban nemi ki ambaci sunana ba. Ban nemi ki ƙi aikin ba. Na san abin da zawarci da ciyar da 'ya'ya biyu suka yi miki. Amma ko jim na numfashi ɗaya, ya ke tattabarar zuciyata? Ko gero, in iska ta wuce, yana sunkuyawa kafin ya miƙe.

Yanzu sun aiko cewa gobe za su kira ni, tun da ni kika ba su a matsayin mai shaidar halinki. Kalma ɗaya mai sanyi daga bakina ta isa ta bar ki a Tasawa. Na auna ta, na juya ta, Shaiɗan ya ƙawata mini ita kamar furen rani. Ba zan faɗe ta ba. Zan ce musu ke mai amana ce, mai ƙwazo, mai iya shawo kan dutse. Duk gaskiya ne, kuma da bakina zan ɗora ki a motar da za ta raba mu.

Roƙona ɗaya ne. Kafin ki tafi, ki aiko mini da amsa: waccan magana ta neman aiki ce, ko ta zuciya? In ta aiki ce, manyana za su je Kona, in jira ki ko shekara nawa ne. In ta zuciya ce, kada ki zo sallama. Ban da ƙarfin yi miki murmushi sau biyu.

Ko wacce ce amsar, ba zan sake buɗe wa wata ƙofar da na buɗe miki ba, har ranar da za a miƙe ni gabas.

Naki, wanda ba kowa ba,
Mushe, wato Malam, Ishaƙu Gado