Inna, Ranar Alhamis Sai Na Faɗi Sunana

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, ina sanar da ke cewa gida lafiya. Baba yana nan, ƙannena duk kalau, Tudun Wada tana nan da hayaniyarta yadda kika bar ta. Ni ce dai ba kalau ba.

Inna, hankalina a tashe yake, kuma na rasa wanda zan gaya wa ya gane sai ke, don tarbiyyar da kika yi mini ce take neman kayar da ni.

Bayan rasuwarki na gama karatun aikin gona. Sai ga wata dama ta zuwa ƙasar Japan koyon noman shinkafa, na nema, aka sa ni cikin waɗanda za a tantance. Da na ga sunana ke na fara tunawa, ke da tukunyar gumin shinkafar nan da hayaƙinta ya cinye miki ido kina ciyar da mu. Sharaɗinsu shi ne mutum ya yi magana da Japananci da bakinsa a gaban masu tantancewa. Ranar Alhamis mai zuwa ce tawa, ta waya, ana ganin juna. In na faɗi, gurbin ya tafi ga wani, kuma shekaruna sun kai iyakar da suka yanka. Ba ni da baɗi.

Karatun ba shi ne matsalar ba. Haruffansu na iya su. In ni kaɗai ce ina wanke-wanke, yaren zuba yake daga bakina, har ƙanwata Ummi tana tsokanata wai aljanuna 'yan Japan ne. Amma babba ya dube ni, shi ke nan, harshena ya ƙage.

Bari ki ji abin kunyar da na yi. An haɗa ni da wata malama 'yar Japan don mu riƙa gwada hira. Na tafi gidan Goggo a Hammadu Kafi saboda can netwok ya fi ƙarfi, na jingina waya a kan tebur, na zauna a kujera. Fuskarta na bayyana sai na ga furfura fal kanta, ta ma girme ki. Wallahi jikina bai yi shawara da ni ba. Na sulale daga kujerar na durƙusa har ƙasa, na sunkuyar da kai. Ita kuwa baiwar Allah ba abin da take gani sai bango da labulen Goggo. Tana ta kira, a zatonta netwok ne ya ɗauke, ni kuma ina ƙasa ina jin ta, na kasa ɗagowa in faɗi gaisuwar da na haddace. Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuka na yi.

Daga baya malamar ta lallashe ni. Ta ce su ma suna rusunawa manya, amma suna ɗagowa. Ta ce abu na farko da masu tantancewa za su nema shi ne in dube su, in faɗi sunana da ƙarfi.

Sunana fa, Inna! A ina zan koyi faɗinsa? Ni ce 'yarki ta fari, kuma kunyar Fulani ba ta bar ki kin kira shi ba. "Ke" nake, ko "yarinyar can". In maƙwabta suka yabe ni a gabanki, kawar da kai kike yi kamar ba ki ji ba. Kullum maganarki ita ce, "Mace da kunya aka san ta." Na tashi ina jin sunana wani kaya ne mai nauyi da ba a ɗaga shi a gaban manya. Ba laifinki nake gani ba, haka aka rene ki ke ma, kuma na san son da kike ɓoyewa a ƙarƙashin wannan kawar da kan.

Jiya na gwada a gaban Baba. Na tsaya, na dube shi, na fara da Japananci. Ina isowa wurin sunan muryata ta karye, na ruga ɗaki. Mahaifina ke nan fa. To ina ga baƙin fuska masu biro a hannu? Ni 'yasu, Inna, kwanaki sai ƙarewa suke yi. Abinci ma ba ya shiga.

Da na natsu a ɗakin sai ranar nan ta asibiti, lokacin jinyarki, ta faɗo mini. Da hantsi ne, Baba yana zaune, Goggo tana yi miki fifita, ma'aikata suna shiga da fita. Ina rakuɓe a bakin ƙofa kamar kullum, kaina a ƙasa. Sai na ji muryarki, a gaban kowa, kin ce, "Fadimatu, ɗago in ga fuskarki." Tsawon rayuwata ban taɓa jin sunana a bakinki ba sai ran nan. Kin san lokaci ya ƙure, kika ajiye kunyar da kika riƙe shekara da shekaru don kada ki tafi ba ki kira ni ba. Ashe kin san ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ban ɗago da kyau ba ran nan, Innata. Na saci kallonki kawai na mayar da kai ƙasa, washegari kuma babu ke. Har yau abin yana cin raina.

Ban sani ba ko zan ci. Tsoro nake ji ƙwarai. Amma ranar Alhamis zan zauna daram a kujera, ba zan sauka ƙasa ba. In suka tambayi sunana, zan ɗauka ke ce kika sake cewa in ɗago.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya shayar da ke daga Alkausara. Ni kuma Ya warware ƙullin da ke harshena, Ya sa su fahimci maganata. Amin.

'Yarki ta fari,
Fadimatu