Gogen da Yayanka Ya Fasa

Baban Bishir,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma ba ni da wanda zan yi wa faɗan nan sai kai, don haka ka saurara.

Fushi nake yi da kai. Ana gama sadakar bakwai ɗinka, yayanka Malam Iro ya shigo zaure ya sauke gogen da ke rataye a bango, naka da na yaran da kake koya wa. Ya ce a asibiti ka tuba da kiɗa, ka kuma bar masa wasiyya ya fasa su. A gaban yaran ya tattake ƙoren ɗaya bayan ɗaya. Lawal, wanda ya fi su hannu, ya durƙusa yana tsintar izga a ƙasa. Ɗanka Bishir ko kuka bai yi ba, ya dai daina cin abinci.

Ka faɗa, ko ba ka faɗa ba? Ni na yi jinyarka, ni nake juya ka, me ya sa ban ji ba? In tuba ka yi, yaran mutane da ka tara daga Ƙofar Ƙwaya har Gobarau, ka ce musu sana'ar kakanni ce, su kuma fa? Ka wanke kanka ka bar su da kunya? Ka san har a kasuwa ana nuna Bishir ana cewa ubansa ma ya gane ɓata ne?

Kullum haka kake. Kana kiɗa maza su yi shiru, amma yayanka na yin gyaran murya sai ka sunkuyar da kai. Ban taɓa gaya maka ba, abin nan ya daɗe yana cina.

Ga labarin gida. Soja sun koma bariki, gari ya cika da motocin 'yan siyasa, kowa makaɗa yake nema. Yaran sun samo ƙwarya da fatar guza, sun haɗa goge biyu da kansu. Muryar gogen nasu ba ta kai ta naka ba. Ni na buɗe musu zaure, na ce su zauna inda suka saba. Ranar rantsar da shugaban ƙaramar hukuma aka kira su, suka yi taken manoma da ka koya musu. Bishir ya kuskure a tsakiya, Lawal ya rufe masa, tsofaffi suka miƙe tsaye.

Jiya Malam Iro ya aiko cewa ina saɓa wa mamaci. Na ce a gaya masa mamacin mijina ne, kuma ni bai bar mini wannan saƙon ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Zan yafe maka, amma ba yau ba.

Matarka,
Hinde