Wandon da Bai Jiƙe Ba

Zuwa ga sanyin idona, inuwata in rana ta take, yayyafin farko a kan busasshiyar ƙasa, maigidana abin alfaharina,

Gaisuwa da kewa, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin inda nake rubutu da inda kake kishingiɗe. Na ɗauki biro ne don in na dubi idonka bakina mutuwa yake yi, kai ma ka sani, shi ya sa kake min murmushin nan.

Ka tuna ranar da na fara raka ka asibiti, bayan faɗowarka daga tsani da aikin da aka yi maka a gwiwa? Likitan gashin ƙashi ya karɓe sandunanka, ya shigar da kai kwamin ruwan ɗumi har ƙirji. Ruwa ya ɗauke maka nauyin jikinka, ka yi taku bakwai ba ka dafa kowa ba! Ina ƙirgawa ina hawaye. Da ka fito ka matse hannuna har zobe ya shige min nama. Na ɗauka farin ciki ne.

To, rabin raina, yau mako uku ke nan kana fita Litinin da Alhamis da sunan zuwa asibitin, kana dawo min da jiƙaƙƙen tawul. Madalla! Amma wane irin ruwa ne wannan da zai jiƙa tawul sharkaf ya bar gajeren wando a bushe, da ninkin da na yi masa da hannuna? Ina warin maganin ruwan kwamin nan da ke bin fatarka har kwana biyu? Haba, Baban yara! Ni mai wanke kayan za ka yi wa dabarar jiƙa tawul a famfo? Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ina kake zuwa? Wa kake gani? Zuciyata ta zana min mata iri-iri, dogaye da gajeru, na tsane su kaf alhali ban san ko ɗaya ba. Can kuma sai in ce anya ba ruwan kake tsoro ba, girman kai ya hana ka faɗa?

Likita ya gaya mana, in gwiwar ta sage a watannin nan, ta sage ke nan. Ba kai ba tsani, ba kai ba sujada. Jiya na leƙo kana sallah a kan kujera, na koma kicin na yi kuka na ƙoshi.

Ranar Alhamis zan bi ka, kada ma ka ɓata bakinka. In tsoro ne, zan tsaya a bakin kwamin in riƙe ka har ka saba, babu mai ji daga bakina. Amma wallahi, da in tarar da kai zaune a benci kana jiran awa ta cika, gara in tarar da mace. Mace zan iya da ita. Gwiwar da ta sage ba ni da maganinta.

Taka ce ni, ko kana takawa ko kana ɗingishi, har ranar da za a rufe min ido,

Matarka.